Ranar da Aka Auna Ni da Buhu

Shin Garba ya yi dariya a ranar nan, ko bai yi ba? Na zauna da shi har furfura ta cika kanmu, ban taɓa iya tambayarsa ba. Jikata ce ke rubuta mini wannan, in ta ga na yi shiru ta san kuka nake.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ne, damina ta ja baya, ina da shekara sha biyu. Babana direban a-kori-kura ne a Ƙofar 'Yandaka, siriri kamar karan dawa, ni kuwa Allah ya yi ni da jiki. Mai motar ya ce za ta riƙa kai 'yan siyasa ƙauyuka, amma fitilarta ɗaya tana kallon sama, ɗaya tana kashe wa masu tahowa ido. In ba a gyara ba zai karɓi makullinsa, kuma da makullin nan muke ci.

Tun la'asar Baba ya fara shiri. Ya sa na share gindin katangar maƙwabcinmu Malam Isa, don nan kaɗai ƙasa ta kwanta daidai a lungunmu. Aka sauke duk tarkacen da ke bayan motar, aka ba tayoyi iska, ya cika tanki da mai, na wanke gilashin fitilun da tsumma. Ya danna gaban motar da ƙarfi, ya saki, har ta daina rawa. Garba ɗan Malam Isa ya zana alama a katanga da gawayi inda hasken fitilun zai sauka, aka ja motar baya.

Saura abu ɗaya. Dole a sa nauyin direba a kujerarsa, in ba haka ba gyaran banza ne. Buhun gero Baba ya saba ɗorawa, amma namu ya ƙare, sabon bai shigo ba. Bayan magariba, yaran unguwa sun yi dafifi, ya dube ni ya ce da ƙarfi, "Hau, ɗiyata, ai nauyinmu ɗaya. Zauna nan, kada ki motsa."

Lungu ya ɗauki ihu. "Buhun gero! Buhun gero!" Na ƙanƙame sitiyari, hawaye na zuba, ban motsa ba, saboda Baba yana durƙushe yana murɗa fitila kuma na san abin da ke kansa. Garba na tsaye jikin katanga cikin hasken, ya ba ni baya. Na ga kafaɗunsa suna motsi. Fuskarsa ce ban gani ba.

Makulli ya zauna a hannun Baba, sunan kuma ya zauna a kaina. Na daina fita gaɗa, na daina cin tuwo a gaban mutane. Ko da Garba ya aiko neman aurena, sai da na yi zaton tsokana ce. Bai taɓa kirana da sunan ba, bai kuma taɓa ta da zancen ba.

Yanzu an rushe katangar an yi shaguna, an ce na'ura ke duba fitila, ba a ɗora kowa a kujera. Masu kirana Buhu duk sun tafi, har kewar sunan nake.

Ranar da Garba zai rasu ina zaune a bakin gadonsa, gadon ya karkata wajena. Kunya ta kama ni, na yunƙura zan koma tabarma. Ya riƙe bakin zanina, ya yi murmushi.

"Zauna nan, Hadiza, kada ki motsa. Haka ya yi daidai."