Turkuɗin Inna a Kogin Dibamba

New Bell

Na idar da sallar asuba ana yayyafi, na buɗe adakar Inna, mahaifiyata, na ɗauko turkuɗinta. Baƙin zane ne na rinin Kano, wanda aka buga har yana ƙyalli. Da shi ta zo Duwala tana amarya, kuma bai taɓa ganin ruwa ba, don ba a wanke turkuɗi. Na ajiye shi ne saboda jikata Hadiza, wadda ta ci sunanta, nake kiranta Innata.

Ita ta janyo tafiyar. Kullum muna kallon finafinan mutanen da: Turkawa da rawunansu, 'yan Koriya da dogayen hulunansu, Indiyawa da gwala-gwalansu. Nakan ce kowa ya adana kakanninsa, ban da mu. Ran nan ta dawo daga ofishinsu na Bonanjo ta ce abokanta za su yi fim kan zuwan Hausawa garin nan, suna neman tufafin gaske.

"Tsohuwa, kin cika mita," in ji ta. "To ga dama ta samu."

Akwa

Bensikin muka hau, wato babur ɗin haya, ina rungume da ƙunshina. A Akwa motar 'yan fim ke jira. Muka karya da fanke da wake a tsaye. Wata Madam Solanj, mai kula da tufafi, ta karɓi zanen da hannu biyu, ta yi magana da Faransanci. Innata ta ce tambaya take ko akwai wani sharaɗi.

Na ce babu. A gidanmu in ka ba da aro ba ka bin sa da ido, ba ka kuma kafa sharaɗi, sai ka zama kamar kana zargin mutum. Ban kuma zaci akwai macen da ba ta san turkuɗi ba.

Hanya

A Ndokoti cunkoso ya riƙe mu har hantsi ya dubi ludayi. Gaba kaɗan jandarma ya leƙo, ya ga su mashi da takubban katako.

"Yaƙi za ku?" ya tambaya da Hausar 'yan arewa.

Direba ya ce, "Ranka ya daɗe, an gama yaƙin tun kafin a haife mu. Maimaici za mu."

Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Japoma

Muka wuce babban filin ƙwallo, muka gangara bakin Dibamba. An kafa bukkoki, an ɗaure jakuna biyu na aro. Aka ba ni kujera ƙarƙashin rumfa, aka kawo gasasshen kifi da bobolo, wato curin rogo da ake dafawa cikin ganye.

Bayan azahar yarinyar da ke fitowa a matsayin amarya ta fito daga bukka cikin turkuɗin. Jama'a, sai da na miƙe tsaye. Tafiyar Inna ce, har yadda take sunkuyar da kai. Shekarun da na yi ban ga uwata ba, ga ta tana wucewa ta gabana.

Sai na ga an nufi ruwa da ita.

Na ce, "Innata, ina za su?"

"Wurin ƙetare kogi ne. Iya ƙugu kawai za ta shiga."

Maganar tana bakina. Amma shugaban fim ɗin ya riga ya ce a yi shiru, maza sun fi a ƙirga, kuma ni na ce babu sharaɗi. Na koma na zauna.

Ta shiga. Ruwa ya yi shuɗi a kewayenta, shuɗin ya miƙe yana bin kogi. Shugaban ya dafe kai don murna, ya ce a sake. Aka sake, aka kuma sakewa.

Da aka kawo mini shi ya zama tsumma mai nauyi, ƙyallin ya tafi. Madam Solanj ta dubi fuskata, ta durƙusa tana ba da haƙuri. Na ɗaga ta, don ita kam ta tambaye ni tun farko.

Innata ta ce, "Kaka, me ya hana ki faɗa?"

Ba ta cika ce mini Kaka ba. Na ce, "Aro na bayar."

Komowa

A mota Innata ta riƙe hannuna. Ta ce fim ba ya tsufa, jikokinta ma za su ga zanen.

Na ce, "Za su gani. Za su kuma ce haka Hausawan da suke, amarya ta shiga kogi da turkuɗi. Inna naɗe shi ta yi ta ɗora a ka, ta ƙetare da tsohon zane."



Mun shiga New Bell ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa direba da yaran nan da suka girmama ni. Na shanya zanen a tsakar gida. Maƙwabciyata Ladi ta shigo, ta taɓa shi, ta tambaya ko tsumman goge ɗaki ne.

Na ce mata na Inna ne.