Sanduna Sittin na Sora Perla

Shekara talatin da huɗu ina raba wasiƙu a Pitigliano, kuma ƙofar da na fi zuwa ba tare da wasiƙa a hannuna ba ita ce ta Sora Perla Sadun. Gidan burodinta yana can ƙasan lungun Yahudawa, inda rana ba ta leƙawa sai tsakar rana. Tanda a ƙasa, ɗakin kwana a sama. Kakanta ne ya kama hayar wurin da musafaha kawai. Tana jaririya aka yi yaƙi, manoma suka ɓoye ta da iyayenta a kogo wata tara, da suka dawo suka tarar an kwashe komai ban da tandar, don ba ta ɗaukuwa. Bayan haka dangi suka watse, wasu Roma, wasu hayin teku. Ita ta ce in ta tafi wa zai hura wuta? Ba ta yi aure ba, ba ta taɓa kwana bakwai a wani gari ba.

A garinmu sfratto abu biyu ne. Takardar kora daga gida sfratto ce. Sandar nan ta fulawa da ake cusa wa zuma da gyaɗar bishiya da ɓawon lemo ita ma sfratto ce, don tsofaffi sun ce kamannin sandar da ake buga wa Yahudawa a ƙofa in za a kore su a can baya aka yi mata. Babu mai yin ta kamar Sora Perla. Zumarta takan daɗe a wuta har ta yi duhu, ita kuma tana tsaye tana zagin duk wanda ya ce ta ƙone. Ni takan ce mini ɗan Assunta mai cin alade, in wanke hannu kafin in taɓa mata tire. Sannan ta yanka mini bakin sandar, inda ya fi ƙauri, don ta san nan nake so.

Da idonta ya yi rauni, ni nake karanta mata wasiƙunta. Wata safiya da kaka, ana saura mako biyu sabuwar shekararsu, na kawo mata wata mai hatimi. Jikokin mai gidan sun sayar da shi ga wani saurayi daga Milano. Na buɗe, idona ya faɗa kan kalmar, ta kuɓuce mini a fili.

"Sfratto?" in ji ta, fuskarta ta washe. "Yaron nan yana da tarbiyya ashe. Guda nawa yake so?"

Takardar ta ce kwana sittin. Na dube ta, hannu duk gari, tana jira. Na ce, "Sittin."

Na haɗiye kalma ɗaya tak, kalmar kwana. Na gaya wa kaina gobe zan faɗa mata. Gobe ta zo na tarar tana fasa gyaɗa tana waƙa, na ajiye gaisuwa na wuce. Tsoro ne kawai, ba tausayi ba, ko da yake a lokacin tausayi na kira shi.

Kwana huɗu ta yi tana aikin. Ran na biyar ta sa rigarta ta zuwa majami'a, ta ɗora mini kwando, muka hau dandali inda saurayin yake shan kofi. Yaro ne mai fara'a, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ci, ya lumshe ido, ya ɗauki hoto. Sai ya ce tunda za ta tashi, ko za ta rubuta masa yadda ake yi? Kanti zai buɗe a wurin don baƙi masu yawon buɗe ido, ba ya so abin tarihi ya ɓace.

Ni ta juyo ta kalla da idanun nan masu hazo, ta ce, "Kai ka karanta mini, Nello."

Na ce a kai ƙara, na ce garin zai tsaya mata. Ta ce ita ba za a buga mata ƙofa sau biyu ba. Ta yi sabuwar shekararta ita kaɗai, ta kashe tandar, wani ɗan ɗan'uwanta ya zo da mota ya kai ta gidan tsofaffi a Roma. Bayanin yin sfratto da aka rubuta wa saurayin daga baya kuwa, ba daga hannunta ya fito ba.

Sai da na shekara kafin na iya shiga jirgin ƙasa. Don wauta irin tawa, na saya mata sanda ɗaya a sabon kantin, cikin leda mai zanen lungunmu. Na same ta a kujera kusa da taga, ta rame. Ta gane ni da tafiyata. Ta gutsura kaɗan, ta ce zumar ɗanya ce, ta laluba ledar ta miƙo mini.

"Akwai rubutu a jiki. Karanta, ɗan Assunta. Duka."

Na karanta duka. An rubuta cewa wannan shi ne abincin Yahudawan da suka taɓa zama a garin Pitigliano.

Ta ce, "Ashe har an yi jana'izata. Kai ma ba ka kawo mini takardar gayyata ba."

Na so in yi dariya don ta ji daɗi, amma kuka ne ya zo, ni da furfurata, a gaban mata masu shara.