Rijiyar Bayan Tudu

A ƙauyenmu, gabas da Makoɗa, da an kai dawa rumbu sai hira ta dawo tsakar gida. Bayan tuwon magariba mukan kewaye wutar kara, kakarmu Iya Tabawa tana kaɗi, mazari na juyi a hannunta. Ba ta iya tatsuniya hannu sake. In ta ce, "To, ga ta nan ta iso," sai mu amsa, "Ta shigo mu gan ta."

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta wasu fatake biyu, wa da ƙane, da suka ɓace wa ayari a hanyar Gwanja. Ruwan salkarsu ya ƙare. Ƙanen ya kwanta gindin ƙaya, ya ce shi kam nan ne kabarinsa. Sai wan ya durƙusa ya ce, "Tashi, akwai rijiya bayan tudun can. Tsamiya ce ta rufe ta. Ruwanta har haƙori yake kamawa don sanyi, ga wata tsohuwa tana dama fura a bakinta." Alhali bai taɓa taka dajin ba. Ƙanen ya haɗiyi yawu, ya miƙe. Suka hau tudu, ba rijiya. Wan ya ce ai na gaba yake nufi. Haka ya yi ta jan sa da baki har suka ji kukan shanu, suka faɗa rugar Fulani, aka ba su nono.

Na ce, "Iya, ai ƙarya ya yi masa!"

Ta yi dariya har zarenta ya tsinke. "Ke 'yar nan, rijiyar ce ta fatar baki. Tafiyar kuwa da ƙafa aka yi ta."

Ban gane ba sai da na girma na zama ungozoma. Ranar da naƙuda ta yi wa Hajara, matar ɗan'uwana, tsanani, ta ce a bar ta ta gaji, ba ni da sauran magani. Na riƙe hannunta na shiga ba ta labarin ɗan da ban gani ba: sumarsa, 'yan yatsunsa, yadda zai riƙa bin ta gona yana korar tsuntsaye. Ta buɗe ido ta sake yunƙurawa.

Mace aka haifa, kanta ko gashi babu. Har yau Hajara na yi mini tsiya a kai, yarinyar kuwa tana goye da nata ɗan.