Gonar Baba a Intanet

Shekarun baya, ina karatu a Aliero, na ɗauko wa kaina koyon haɗa shafin intanet. Ba aikin makaranta ba ne, sha'awa ce kawai. Shafin farko da na yi, sunana ne da manyan baƙaƙe a kan wani kore mai kashe ido. Abokina ya duba ya ce, "To, sai me?" Ni ma ban san abin da zan zuba a ciki ba.

A ranin wannan shekarar ne ɓarin jikin mahaifina ya shanye. Mutumin da yake wuni cikin albasa a fadamar Sabiyal ya koma kwance a gidanmu na Jega. Bai taɓa ƙorafin ciwo ba. Duk wanda ya zo dubiya, gona yake tambayarsa.

Sai na fara biyawa ta gonar idan zan dawo gida, in ɗauki hotuna in ɗora a shafin. Da na nuna masa a waya ma ya isa, amma ni ina so a ga na iya wani abu. Ranar da na ɗora masa kwamfutata a cinya, ya daɗe yana kallo, sannan ya kai hannun da ke motsi ya shafa gilashin.

"Wa ka iya ganin wanga abu?" in ji shi.

"Kowa, Baba. Har mutanen Makka."

"To rubuta gonata ce, kada a ɗauka ba ta da mai ita."

Daga nan ya karɓe shafin. Kowane hoto sai ya faɗi abin da za a rubuta a ƙasansa: yadda ake dashe, lokacin rage ban ruwa, yadda ake gane albasa ta nuna. Ni na koma mai bugawa kawai. Ya ga hotunan ranar da aka cire albasar, da damina Allah ya karɓi abinsa.

Na shiga harkar ne don a yabe ni, ashe maganar mahaifina nake adanawa ban sani ba. Har yau idan na je Jega, mahaifiyata kan ce in buɗe in karanta mata. Ina cikin karatu sai ta tare ni.

"Ba haka ya ka hwaɗi nai ba. Rage sauri."