Keken Katakon Ilu Mai Rijiya

Ilu taubashina ne, ɗan Gwaggo Kyauta ta Rawayau, kuma tunda nake ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Na sha faɗa masa haka yana da rai, saboda haka kada wani ya ce Labaran ya ci naman mamaci. Haƙar rijiya ce sana'arsa. Daga Birchi har Barkiya, in ka sha ruwa mai daɗi a shekarun nan, da wuya a ce ba hannunsa a ciki. Gajere ne mai faɗin ƙirji, damatsansa kamar taɓare. Ya zauna a Dutsin-Ma saboda nan ake nemansa, ni kuma ina sayar da dawa a kasuwa. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu.

Shekarar da soja suka miƙa mulki, alif ɗari tara da saba'in da tara, rijiya ta rufta da shi a Barkiya. An ciro shi da rai. Ya yi wata huɗu a asibiti a Katsina, aka sallamo shi, daga ƙugu zuwa ƙasa babu komai. Ƙafafun suna nan, amma ko allura ka soka masa bai sani ba.

Bai yi bara ba. Ya koma ɗinkin guga da tufkar igiya a dakalin ƙofar gidansa, kuma gugansa ba ya yoyo. Amma ko'ina za shi sai an ɗauke shi, yawanci a bayana. Nakan ce masa, "Da na san jaki zan zama, da na nemi mai kaya mara nauyi." Shi kuma ya ce jakin da ya samu ma gurgu ne. Haka muke yi, don in ba mu yi haka ba kuka za mu yi.

Abu ɗaya ne ba ya ɗaukar wasa a kansa, shi ne maganar uwarsa. Ilu ɗan fari ne. Gwaggo ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, in za ta tambaye shi sai ta ce, "Yaya wancan na Dutsin-Ma?" Ga ta da ciwon gwiwa, rabonta da shiga mota tun ina saurayi. Sai dai ta aiko Tani, ƙanwarsa, da daddawa da kuka. Shekara biyu cur ba su ga juna ba. Na ce masa mu hau mota, in mun isa in goya shi har tsakar gida, mene ne a ciki?

Ya ce, "Kowa ya gan ni a bayanka, ban da Inna. Ta goye ni ina jariri, ya isa. Ba za ta ga an goyo mata ni da gemu ba."

Na yi faɗa, na zage shi tas, bai motsa ba. Ana nan sai Tani ta zo da labarin Gwaggo ta daina cin tuwo, sai kunu, shi ma kurɓa biyu. Ranar Ilu ya ce in kirawo masa masassaƙi, keken katako yake so wanda zai tura da kansa.

Wani tsoho ne mai sassaƙa turmi. Ya sa aka jiƙa yashi, aka zaunar da Ilu a kai, aka ɗaga shi, ya auna gurbin da jikinsa ya bari. Kwana tara ya kawo katakon maɗaci, baya mai faɗi da kwarmin zama, gaba ya tsuke ya ɗan ɗaga sama inda za a naɗe ƙafafun. Ilu ya zauna ciki daram. Saura abin da zai sa ya yi tafiya.

Muka kai wa Obadiya. Mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, yana walda da gyaran injin ban ruwa a bayan tasha, Hausa a bakinsa ta fi tawa. Ya kifa katakon ya daɗe yana shafa cikinsa.

Ya ce, "Malam Ilu, abu uku za ka zaɓa. Ƙarfen da zai riƙe ƙafafun keken, su ƙafafun, da abin da zai shiga tsakanin ƙarfe da katako. Ƙarfe ba matsala. Na baya zan yanka daidai faɗin mazauninka, in ya gaza za ka kife, in ya zarce zai riƙa dukan hannunka. Na gaba gajere, da noti ɗaya a tsakiya don ya juya. Ƙafafu ne magana."

Ya zube su a gabanmu. Ga boris na tsohuwar mota, ƙanana, ƙarfe zalla. Ga tayoyin roba guda huɗu da ya cire daga wani mataccen injin ban ruwa, kowace ta kai faɗin faifai ƙarami.

Ilu bai ko dubi na robar ba. Ya ce, "In ka sa boris, nawa zan tashi daga ƙasa?"

"Yatsa huɗu."

"Waɗancan fa?"

"Da matashin katako a tsakani, taƙi ɗaya da rabi."

Ilu ya ce boris. Obadiya ya tambaye shi ina za shi da keken, ya ce Rawayau. Obadiya ya ce ya taɓa zuwa gyara can, yashi ne har idon sawu, boris ba zai yi taku ɗaya ba. Sai Ilu ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna a tabarma take zama. Yaya zan gaishe ta kaina ya fi nata tsawo?"

Ni haushi ya kama ni. Na ce tsohuwa na can tana ƙarewa, kai kana nan kana awon yatsu. Obadiya ya ɗaga mini hannu. Ya ce shi ma bai taɓa zama a kujera ubansa na ƙasa ba, ya gane. Ya sa boris ɗin.

A kan kwalta abin ya yi gudu har da ƙara, Ilu na tura ƙasa da 'yan katakai biyu a hannu, ina ganin haƙoransa a karon farko tun Barkiya. Muka karya kwana zuwa lungun bayan tasha inda yashi yake. Nan take ƙafafun suka nutse, cikin katakon ya kwanta a ƙasa. Ya tura har jijiyoyin wuyansa suka fito. Ko motsi.

Ya yarda da tayoyin roba, amma ya ce ban da matashi, ko yatsa biyu aka rage an rage. Obadiya ya ce tayar za ta taɓa katako in ya karkata. Ilu ya ce ba zai karkata ba. Aka ɗaura. Kwanar farko da ya sha, taya ta ciji gefen katakon, keken ya tsaya cak, shi kuma ya wuce da fuska. Haƙori ɗaya ya bari a wurin, ga leɓe a fashe. Kwana shida muka ɓata kafin bakin ya sace, don ya ce ba zai je mata da kumburi ba.

Obadiya ya yanka matashi biyu na icen ƙirya, ya fafe samansu don su rungumi cikin katakon da yake a gantsare, ya ɗaure da noti huɗu huɗu. Keken ya tashi taƙi ɗaya da rabi. Ya ƙara wa 'yan katakan hannu tsawo. Wannan karon yashi bai riƙe shi ba, har dokin ƙofa yana hayewa in ya ɗaga gaba. Kullum daga dakali Ilu yake zamewa ya hau, don tsawonsu ya zo ɗaya. Mu uku, manya da hankalinmu, babu wanda ya ce a gwada hawa daga ƙasa.

Ranar wata Laraba muka shiga motar Kurfi, daga nan muka samu ta 'yan hatsi ta sauke mu a bakin Rawayau da hantsi. Na ɗora shi a keken a bayan wata kuka inda ba kowa. Ya sa farar riga da hula sabuwa. Ya ce in bi shi a baya, kada in taɓa.

Ya tura kansa cikin yashin nan har ƙofar gida, gumi ya jiƙa rigar sharkaf. Mutane na yi masa sannu, yana amsawa ba ya tsayawa. Ya haye dokin ƙofar zaure, ya yi sallama da kansa.

Gwaggo na zaune a tabarma a gindin rumbu, ta jingina da bango. Ta rame har na kusa rashin gane ta. Ilu ya tsaya a gabanta, sai ga shi yana kallon tsakar kanta daga sama. Na ga fuskarsa ta canza. Kafin in ce wani abu ya dafa ƙasa da hannu biyu ya zamo daga keken, ya faɗo a kan yashi, ƙafafun suka biyo shi a karkace. Ya gyara su da hannu, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa bakin tabarma.

"Inna, ina kwana. Yaya jiki?"

Ta kawar da kai wajen rumbu ta ce, "Lafiya lau. An zo lafiya?" Sannan ta ce wa Tani ta kawo wa baƙi ruwa.

Mun yi kamar awa biyu. Yawancin hirar da ni ta yi, tana tambayar farashin dawa da lafiyar iyalina, shi yana ƙasa yana saurare. Na san ransa ya yi fari, don har tsokanata ya yi. Da azahar ta gabato na ce mota za ta wuce mu. Ya yi mata sallama, ya jawo keken.

Ya dafa gefensa zai hau, keken ya gangara gaba. Ya jawo shi, ya sa ƙirji, gefen ya ɗaga ya buge shi a haɓa. Ya sake. Hannuwan da suka tura shi tun daga bakin gari sun gaji. Sau huɗu yana ɗaga rabin jikinsa yana zamowa, hular ta faɗi, farar rigar ta koma ja. Na taka zan matsa, ya dube ni, na tsaya. Tani ta shige ɗaki tana toshe baki.

Sai Gwaggo ta dafa bango ta miƙe. Ban san tana iya tsayuwa ba. Ta tako ta zo bayansa, ta zura hannuwanta a hammatarsa, ta ja. Ko gezau bai yi ba. Ta sake ja, gwiwoyinta suka ƙi, ta zube a bayansa, fuskarta a kan kafaɗarsa.

Can ta ɗago ta ce, "Labaran, zo ka ɗaukar mini shi. Ni na kasa."

Na ɗauke shi a gabanta na ɗora a keken. Idonsa a rufe yake, bai buɗe ba har na tura shi muka fita zaure. Ni ne na tura shi har bakin hanya, bai hana ni ba.

Gwaggo ta rasu bayan kwana goma sha tara. Da na shiga in gaya masa za mu gaisuwa, yana kan dakali da guga a cinya. Ya ce in tafi ni kaɗai, in ce wa Tani yana gaishe ta, ya ci gaba da ɗinkinsa.