Majanyin Iya Sabuwa

Kullum da hantsi Iya Sabuwa takan taso daga unguwar Larle da ƙwaryar man kaɗanya a ka, ta bi Zongo gida-gida. Tun kafin Faransawa su shigo Wagadugu take wannan zirga-zirga, sai bana gwiwa ta ce ta isa. Ban cika yabon masu magani ba, a hannunsu matata ta ƙare. Amma wannan a gabana aka yi.

Malam Talha, limamin masallacinmu, ya yi ƙurajen nan masu ɗaure rabin ƙirji kamar ɗamara. Ƙuraje suka bushe, wutar ta ƙi mutuwa. Haƙarƙarinsa ya kumbura, ko riga ta goge shi sai ya yi ƙara. Wata biyu yana ɗaki jiki a tuɓe, liman kuwa ba ya jan salla haka. Wanzami ya kafa masa ƙaho, ya ƙara masa azaba. Dattawa suka fara ƙus-ƙus na naɗa wani.

Ran nan Iya ta shigo talla, ta leƙa ɗakin. Ta girmi uwarsa, ba mai hana ta.

"Malam, duk tulin littattafan nan, ba wanda ya ce maka gogawa ce ke ƙuna, matsi ba ya ƙuna?"

"Iya, ban zo babin ba."

Kwana bakwai tana zuwa, tana ɗora masa tsumma mai ruwan randa har kumburin ya sauka, tana bin wurin da mai. A na takwas ta zaro tsohon majanyi wanda goyo da wanki suka tausasa, ta ɗaure masa ƙirji tamau.

"Majanyi? Ni?"

"Ya goyi 'ya'ya tara, ba wanda ya raina shi. Sa rigarka."

Ya zura riga, ya tsaya yana jiran wutar. Ɗan tsami kawai ya ji. Ciwon bai tafi duka ba, ita ma ba ta ce zai tafi ba, amma Juma'ar nan shi ya ja mu salla.

Iya, ke ce mai hannun sanyi. Ke ce kika duba inda ke ciwo muna can muna gardamar sunan cutar. Mun gode, Allah ya ba ki lafiyar gwiwa. Ku kuma masu rawani, in kun shiga wurin majinyaci, ku tambaye shi abin da ke ƙona shi kafin ku buɗe littafi.