Gambar Inna Rahila

A ƙauyenmu, kusa da Gangara, ba a shata iyakar gona da dutse. Gamba ake dasawa, ciyawar nan mai tsayi, kuma inda layinta ya tsaya nan gonarka ta ƙare. Kowa ya san wannan, har Chindo, wanda ya yi kamar bai sani ba.

Chindo ƙanin mijin Inna Rahila ne, gonarsa na manne da tata. Shekarar da mijin ya rasu, sai gambar ta fara tafiya. Duk rani tana matsowa cikin gonar Inna, damina ta zo Chindo ya nome wurin. Abin da ya fi ƙona mini rai, dattijo ne a majami'armu, shi ke jan waƙa ranar Lahadi da idanu a rufe.

Inna Rahila gajeruwa ce, mai soya ƙuli-ƙuli, ga baki. Ba ta iya karatu ba, amma abin da aka karanta a majami'a ba ya fita kanta. Da wannan gonar take ciyar da marayu uku, kuma ta ga in aka ci gaba haka ba za ta cika ko rabin rumbu ba.

Ta kai ƙara wurin mai gari, ya ce ta yi haƙuri. Fasto ma ya ce ta bar wa Allah, ta yi addu'a a ɗaka.

"A ɗaka?" in ji ta. "Daniyel taga ya buɗe ya yi tasa, maƙiya na kallo. Gwauruwar da Yesu ya ba da misalinta kuwa, alƙali ta hana sakat. Ni mi zan ɓoye?"

Daga ranar ta mai da tsohuwar iyakar wurin addu'arta. Kowace safiya takan durƙusa a inda gambar take a da, ta ɗaga murya har masu zuwa rijiya su ji. Ba ta zagin Chindo. Sunansa take kira, ta roƙa masa lafiya da tuba, ta lissafa wa Allah yunwar 'ya'yan yayansa. Wallahi da zagin ya fi masa sauƙi.

Da ruwan shuka ya sauka, Chindo ya ɗauko Habu, makiyayi mai shanun noma. Suka tarar da ita a durƙushe.

"Rahila, tashi! Aiki za mu yi."

"Ba da kai nike magana ba, Chindo. In na gama da Mai sama, sai in ji taka."

Ya ce wa Habu ya kora shanu, ai za ta kauce. Shanun suka matso har numfashinsu na kaɗa mata kallabi. Inna ba ta ko buɗe ido ba, sai ma ta ƙara murya. Ni ina gefe ina kallo.

Habu ya ja igiya. "Ni Musulmi ne," ya ce, "amma ban taka mai roƙon Allah." Ya karkata garmar ya kewaye ta, ya bi tsohon layin da shi ma ya sani tun yana yaro, ya bar wa Inna wurin da Chindo ya ci mata.

Chindo ya yi ta ihu, mutane suka taru, babu wanda ya goya masa baya. Har yau bai ce ya yi laifi ba.

Inna ta tashi da yashi a gwiwa, ta dube shi ta ce, "Gobe ma ina nan. Saura tubarka, ba a amsa mini ita ba tukuna."